Reshen Hagu

Takardar tana manne a bangon ɗakin tantance marasa lafiya, gefenta har ya fara naɗewa. Bishiya aka zana, saiwa a sama, rassa a ƙasa. Zazzaɓi ya kai talatin da takwas? Idan e, a bi dama, a ba da gado. Idan a'a, kuma shekaru ba su kai sittin ba, sai reshen hagu: farasitamol, a koma gida.

Wani tsoho ne, yau zuwansa na tara ke nan a kan takardar. Masu gadi sun raɗa masa suna Baba Bishiya. Buƙatarsa ɗaya ce, a cire ta kafin ta sake tura wani gida.

'Yarsa ta bi reshen hagu wata huɗu da suka wuce. Ma'auni ya nuna talatin da bakwai da ɗigo tara. Uwarta ta so a koma asibiti, shi ya ce ta kwantar da hankalinta, takarda ba ta ƙarya. A kwana na uku yarinyar ta cika.

Yau dai sabon shugaban asibitin ya saurare shi, a tsaye, ya juyo masa fuskar kwamfuta.

"Baba, Allah ya jiƙanta. Amma duba, cikin ɗari da suka bi reshen nan, casa'in da takwas sun warke."

"Wa ya ga warkewarsu, Likita?"

"Ai ba su dawo ba."

"Nemo mini sunan 'yata."

Ya nemo. A gaban sunan an rubuta: ta warke.

Haka aka gina bishiyar tun farko. Duk wanda bai dawo cikin wata guda ba, a jefa shi layin masu lafiya. Maƙabarta kuwa ba ta aiko da rahoto. Kowace gawa ƙara wa reshen hagu daraja take yi.

Shugaban ya gyara wuyan riga. "Sai kwamiti ya zauna, asibitoci arba'in ke aiki da ita. Kuma Baba, baƙin ciki daban, ilimi daban. Gwani ne ya tsara ta, ba a ja da aikinsa."

Tsohon ya buɗe baki, kunya ta rufe masa shi, kamar sauran zuwa takwas.

A hanyar fita ya ga malamar jinya tana bin zanen da yatsa, wata budurwa na rawar ɗari a gabanta. Yatsan ya karkata hagu.

Ya matsa ya danne gefen takardar da ya naɗe. Sa hannun gwanin yana nan a ƙasa, raɗau, nasa ne, tun zamanin da hannunsa bai fara rawa ba.