Muryar Ɗanjuma a Jirgin Nguru

Ranar da layin dogon Kano zuwa Nguru ya cika shekara ɗari da hamsin, na ɗora tsohuwar hulata ta direba na nufi tasha. Jiragen yanzu ba su da direba. Muryar wani ma'aikaci da ya rasu ake sa wa kowane jirgi, ita ke yi wa fasinja sallama, ita ke faɗin tashoshi.

Jirgin biki ya shigo an yi masa ado, sai na ji ya yi gyaran murya. Na san tarin nan na mai cin goro. Ɗanjuma ne, wanda ni na koya wa riƙe birki, bara ya rasu. Jama'a suka kaure da tafi. Matarsa Asabe tana kujerar gaba, manyan baƙi sai rusuna mata suke yi. Ni ko kujera ba a ba ni ba.

Na sami jami'ar da ke tsaron ƙofa.

"'Yata, ni na koya wa mutumin nan tuƙi. Yaya ake yi a sa muryar mutum?"

"Sai bayan rai, Baba. Haka dokar take."

"Ba a yi wa mai rai alfarma?"

"Allah ya ja da ranka, Baba."

Ban ce amin ba.

Na koma bakin dogo na tsaya, ina kallon ƙarfen yana ƙyalli a rana. Jirgin ya fara motsi ya nufo inda nake, sai muryar ta yi ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Malam Tanimu, ja da baya. Layin nan ni aka riga aka ba."