Baƙuwa Daga Banki

"Kowa ya yi rawar ɗari, har ku masu teɓa!" in ji Tolkunbek, magajin gari.

Injin ɗumama gidajen garin ya mutu, hunturu ya kawo jiki. Yau wakiliyar banki za ta zo daga Bishkek, babban birnin ƙasar, ta ga ko sun cancanci kuɗin gyara.

Ta iso ofishin magajin gari. Tana zama, ofis ya ɗau zafi kamar tanda. Ta cire kwat, ta sharce gumi, ta miƙe.

"Ai injinku garau yake. Wasu sun fi ku buƙata."

Motarta na tashi sai ga Esen makanike, duƙun-duƙun, yana washe baki.

"Yallabai, da ƙyar na lallaɓa injin ya tashi, har ya sake mutuwa. A garinmu a bar baƙuwa cikin sanyi? Haba!"