Kwalekwale Mai Ratsin Rawaya

Ranar da Nicanor Padilla ya ajiye aikin jirgin ruwa, yana ɗan shekara arba'in da ɗaya da sauran ƙarfinsa, bai wuce gida ba. Makarantar unguwa ya nufa, ya tsaya a bakin aji da hula a hannu har Malama Eufemia ta sallami yara.

"Malama, ƙasashe nawa ne ke da gaɓa a tekun nan namu?"

Ta warware taswira, ta ɗora yatsa a kan garinsu Cartagena, ta bi gaɓa: Panama, Kosta Rika, Nikaraguwa, Honduras, Gwatamala, Beliz, Meziko. Ta tsallaka Kuba, Jamaika, Haiti da maƙwabciyarta, ta gangaro ta ƙananan tsibirai har Benezuwela. Shi kuwa yana rubutawa a bayan kwalin taba.

Daga ranar ya shiga aika wasiƙu. Coci-coci, ƙungiyoyin masunta, gidajen rediyon ƙauye, duk inda ya samu adireshi. Maganar ɗaya ce kullum: wa ya san labarin wani kwalekwale shuɗi mai ratsin rawaya, da mutum biyu a ciki, dattijo da saurayi mai jar riga? Ya nutse ranar sha huɗu ga Oktoban 1979, da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Nicanor ba mata, ba ɗa. Sai unguwa ta yanke hukunci da kanta cewa uba da ƙane ne teku ya cinye masa. Mata suka riƙa aiko masa da shinkafar kwakwa. Kifin da ke kai yakan ba kyanwa.

"Yau kuma wace ƙasa ce a layi, jakada?" in ji Anselmo, abokinsa na wasan domino. "Ka sa sunayensu mana. Wa ya taɓa cigiya ba suna?"

Nicanor ya lashi kan sarki, ya manna a kan wasiƙa.

Amsa takan zo jefi-jefi. Daga Jamaika wani ya ce nasu kore ne. Daga Haiti wata ta ce nata mutum biyar ne, amma ko ya ji labarinsu? Malama Eufemia ta rasu. Anselmo ya bi ta. Gidan waya ya canja ma'aikata sau huɗu.

A shekara ta ashirin da uku wani fada, limamin coci, ya rubuto daga wani ƙauyen masunta a gaɓar Honduras. Layi biyu kacal: akwai wata mata a nan, ka zo.

Ya sayar da gidansa ya tafi. Ta sama ya bi, sannan ta mota, ko da yake jirgin ruwa ya fi araha.

Matar, Crescencia Arzú, ta tarbe shi a gindin kwakwa, ta ajiye masa gurasar rogo da miya. Hannunsa bai kai kwano ba.

"Mijina ne ya ja ratsin nan da kansa," ta ce. "Jar rigar kuwa ni na ɗinka wa ɗana Lisandro. Ka san me mutanen gari suka ce? Wai sun tsallaka Beliz sun bar ni. Shekara ashirin da uku ban san ko takaba zan yi ba ko fushi."

Ta dube shi ido cikin ido.

"Bawan Allah, ka tabbata sun mutu?"

"Na tabbata."

"A hanyar gida?"

"Kwalekwalen gida yake kallo. Cike da kifi."

Ta rufe fuska da zane, ta daɗe kafaɗunta na rawa. Da ta ɗago, sai ta kama hannayensa biyu ta sa masa albarka, shi da iyayensa da duk wanda ya haifa. Ya yi ƙoƙarin janyewa, ta ƙara riƙewa.

"Ko ɗan'uwa na jini bai yi musu abin da ka yi ba," ta ce. "A ina ka san su?"

"Ban san su ba, baiwar Allah. Sau ɗaya na gan su, yaron yana ɗaga min hannu. Ni ke tuƙin jirgin da ya bi ta kansu, kuma ban tsaya ba."