Makokin Masarautar Gishiri

A farkon bazara gidan Halvorsen da ke garin Duluth na Amurka ya shiga makoki, kuma har yau ba a share shi ba. Ba wanda ya mutu. Wani shirin talabijin ne ya ƙare.

Shekara bakwai ana taruwa a falon Lorraine Halvorsen duk yammacin Lahadi don kallon Masarautar Gishiri, labarin Sarauniya Ilvane da yaƙinta na ƙwato gadon ubanta. Tun rasuwar mijin Lorraine, wannan taron ne ke cika mata gida. 'Ya'ya da dangi da maƙwabta kowa ya zo da kwanon abincinsa, ita kuma tana kicin tana soya fukafukan kaji.

A kashi na ƙarshe Ilvane ta ci yaƙi, ta dubi gadon sarautar, ta ce ta fasa, ta tafi kiwon zuma. Orsk kuwa, ƙatuwar mikiyar da take hawa tun farkon labari, aka harbe ta a bayan wani dutse, ko gawarta ba a nuna ba.

Kawu Duane, ƙanen Lorraine, ya ƙona rigarsa mai hoton sarauniyar a bakin gareji. Wata 'yar'uwa da ta raɗa wa jaririyarta suna Ilvane ta koma kiranta Ann. Lorraine ce ta ba fushin tsari: ta ce taron Lahadi ya ci gaba, kowane mako mutum ɗaya ya miƙe ya faɗi yadda aka ci amanarsa. Ita ba ta doguwar magana. Sai kowa ya gama, ta ajiye tire, ta girgiza kai.

"Abin da suka yi wa Orsk," takan ce, "ba a yi wa ɗan'adam."

Mutanen falon su yi ta jinjina zurfin maganar.

Akwai hukunci kuma. Wani maƙwabci, Gary, ya taɓa cewa shi dai a ganinsa ƙarshen ba laifi. Ba wanda ya ɗaga masa murya. Washegari ya tarar da kwanonsa a ƙofar gidansa, an wanke tas an rufe. A unguwar, irin wannan korar ta fi sammaci.

Curtis Lindgren, malamin tarihi, yana neman auren Britt, autar Lorraine, kuma yana da wani ciwo da bai gaya wa kowa ba: ƙarshen shirin ya burge shi. Har hawaye ya yi da sarauniyar ta ɗaga murfin amya. Mutanen falon sun ɗauka na baƙin ciki ne, Kawu Duane ma har ya dafa masa kafaɗa.

Britt ta sha faɗa masa cewa wanda ba ya da kujera a teburin mahaifiyarta, ba ya da ita a ko'ina. Curtis kuma bai iya ƙarya ba, kunnuwansa ke tona shi, su yi jajir kamar gauta.

Ran Lahadin da layi ya zo kansa, zoben baikon da zai ba Britt yana aljihunsa.

"Malam, yau kai ke da minbari," in ji Kawu Duane. "Ka yanka masu shirin nan da ilimi. Mu jahilai zagi kawai muka iya."

"Bari in sha ruwa tukuna, Kawu."

"Kun ga kunnuwan nan? Tun bai fara ba har ya fusata. Britt, kin yi dace!"

Curtis ya shige kicin. Lorraine na juya kaji a cikin mai, ba ta waiwayo ba. Ya tsaya yana kallon kwanon da ya kawo, yana lissafin ko gobe ne za su sake gamuwa a ƙofar gidansa. Ya ga dai gara ya faɗi da bakinsa kafin kunnuwa su riga shi.

"Mama, akwai magana. Ni fa ƙarshen nan ya yi mini. Na sake kallonsa a ɓoye, ya ƙara yi mini. Kuma ina son auren Britt. Na san maganganun biyu ba sa zama a kwano ɗaya."

Lorraine ta rage wuta. Ta dube shi tun daga takalmi har kunnuwa, ba gaggawa.

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa."

"To kar ka ƙara. Gary ma ba ra'ayinsa ya kore shi ba, bakinsa ne. Yana faɗa na ga mutum biyu sun fara gyaɗa kai." Ta nuna ƙofar falo da cokali, inda muryar Duane ke tashi. "Kana jin su? Ranar da suka huce, kowa zai zauna a gidansa ran Lahadi, a bar ni da agogon bango. Britt taka ce, na ba ka. Amma ka fita ka zagi masu shirin nan da kyau."

"Kunnuwana fa, Mama?"

Ta ciro hular sanyin marigayi daga bayan ƙofa ta kifa masa har wuya. Ta ɗora masa tire a hannu.

Ya kai bakin ƙofa ke nan, zuciyarsa fes, ta kira shi da ƙaramar murya.

"Curtis, tunda yanzu mun zama ɗaya, kuma kai kana riƙe magana. Wai shi Orsk ɗin nan, mijinta ne ko wanta?"

Daga kicin ɗin Lorraine ana jin komai na falo, amma ba a hango talabijin.