Ƙasan Takardar Baba Jibo

Sau goma sha ɗaya Ramla ta buga takardar nan, sau goma sha ɗaya firinta tana yi mata rashin mutunci. Sama baƙi ƙirin, tsakiya dama-dama, ƙasa kuwa fari fat kamar an wanke da sabulu. A ƙasan nan kuma hatimin shehun gari yake. Lajna, wato kwamitin sasanta rigimar gonaki, ta riga ta faɗa musu: in hatimin bai fito ba ranar Alhamis, kada ma su wahalar da ƙafafunsu.

Takardar jarfi ce, wato gonar bakin kogi da ke fitowa in ruwa ya janye, a ƙauyensu kusa da Abu Hujar, a ƙasar Sudan. Shekara arba'in gidan mahaifinta Jibo na cin albasa da tumatir a cikinta. Yanzu da yaƙi ya koro kowa gida, mutum goma sha tara ne ke rataye da ita. Ana cikin haka Aminat, tsohuwar maƙwabciyarsu da ke tara jikoki da aikin ƙodago a gonakin mutane, ta kai ƙara wai jarfin na ubanta ne.

Wai! Ramla ta tare ta a bakin famfo, ta wanke ta tas a gaban mata. Tsohuwar ba ta rama ba. Ta ɗauki jarkarta kawai ta ce, "Allah na nan, ɗiyata."

Asalin takardar babu, Baba ya ce gara ta cinye tun bara. Allah ya so Ramla ta taɓa ɗaukar hotonta a waya kafin ta tafi karatun kwamfuta a Madani. Daga Madanin ta gudo da firintar nan a cinya cikin bas, ta bar akwatin kayanta, ana ta yi mata dariya. To, yau a ga ranarta.

Ta ciro hodar tawada ta girgiza. Banza. Ta goge gangar cikin firintar, ta sake bugawa. Banza. Sai ta zauna ta yi tunani irin na wadda ta san aikinta. Hasken leza ne ke zana rubutu a jikin ganga kafin hoda ta manne. In hasken ya raunana, baƙi mai ƙarfi zai tsira, amma duk abin da aka rubuta da tawada mai sanyi sai ya ɓace. Hatimin kuwa ya koɗe, haka ma wasu layuka biyu da ke gefensa, na ajami, da tsohon hannun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da 'yan makarantar gwamnati irinta ba sa gane kansa.

"Baba, mene ne wannan a ƙasa?"

"Addu'a ce." Bai ko kalli hoton da ta nuna masa a wayar ba. "Halas, ya isa, ɗiyata, ki bar shi haka. Kina ƙona mana batirin sola a banza."

Haushi ya cika ta. Haka tsofaffin nan suke, a ƙwace musu abinci a baki, su ce haƙuri. Ita dai ba za ta haƙura ba.

Ta kwance murfi, ta kai ga siririn gilashin da hasken ke bi. Ƙurar hanya ta yi masa kaca-kaca. Ta share shi da auduga a hankali. Ta buga shafin gwaji mai layukan toka goma, daga mai duhu zuwa mai haske. Uku na ƙarshe ba su fito ba. Ta ƙara ƙarfin hasken mataki ɗaya. Takwas suka fito. Ta ƙara biyu, baƙin ya cuɗe, haruffa suka kumbura. Ta rage ɗaya.

Ran Laraba da hantsi ta nemi wayar wutar firinta ta rasa. Ta birkice ɗaki, ta zagi yara, can ta same ta a buhun irin albasa na Baba. Ta yi tsaki ta ce tsufa ya fara taɓa shi.

Kafin la'asar layuka goma suka fito reras, daidai wa daida daga sama har ƙasa. Ta buga takardar. Hatimi raɗau, har tsagar da ke gefensa ana gani. Wallahi sai da ta yi guɗa ita kaɗai.

Ran Alhamis Baba ya ce ƙafarsa na ciwo. Ta ja shi dole. A ƙarƙashin rumfar masallaci aka zauna, Aminat can gefe a kan tabarma, ta rufe ƙafafunta da tsohon mayafi. Ramla da hannunta ta miƙa takardar, tana kallon tsohuwar ido cikin ido.

Shugaban lajna ya karanta Larabcin: iyakokin jarfi, da sunan Audi, kakan Ramla, a matsayin mai nomawa. Ya duba hatimi ya ce, "Tamam, ya yi." Har ya fara naɗe ta, sai Malam Hamid liman, wanda ya haura tamanin, ya miƙo hannu.

"Kawo nan. Ma sha Allah, wannan bugu ko ni ina gani. Ai da saura a ƙasa."

"Addu'a ce, Malam," in ji Ramla, tana murmushi.

Liman ya kai takardar kusa da ido, ya bi layin da yatsa, ya karanta da ƙarfi yadda na bayan rumfa ma za su ji:

"Wannan jarfi aro ne daga Abdussalami. Ran da ɗiyarsa Aminat ta nema, a ba ta ba musu. Ni Jibo ɗan Audi na rubuta da hannuna."