Tiya Ɗaya

"Na saci tiya ɗaya cikin dawar taimako," na faɗa gaban ikilisiyarmu ta Tasawa. Shekarar fari ce, ɗiyana sun kwana biyu ba tuwo.

Fasto Bature ya ce, "Habsatu, zunubi ba babba ba ƙarami, duk ɗaya ne gaban Allah." Ya hana ni Jibin Ubangiji wata uku. Ban yi musu ba.

Ran Laraba sojoji suka fasa ɗakin bayan gidansa. Buhu arba'in suka fiddo, na dawar da ya ce mana ta ƙare.

Na zuba masa ido. Ko kai bai sunkuyar ba.

"Ai na gaya miki, Habsatu. Ni da ke, duk ɗaya ne."