Batir a Cike Yake

"Tsoho, kashe min abin nan, kaina zai tsage!" in ji Nélida, tana kwance a motar da suka mayar da ita gidan zamansu tun da mijinta Evaristo ya yi ritaya.

Tun safe ƙararrawar da ke gindin gado take tsuwa. Evaristo bai damu ba, haka take yi duk sanda batir ya yi ƙasa. Ya zare wayarta, wuri ya yi tsit.

"Shi ke nan. Rufe tagogi, ki ƙara wutar hita ki ji ɗumi. Ni zan ji da tsinanniyar cajar batirin nan."

"Sannu injiniya," ta ce tana hamma. "In ka gama ka haɗa min shayin mate."

Ya fita cikin sanyin yankin Chubut na Ajantina mai ratsa ƙashi, ya durƙusa a gefen mota. Ya kankare kan batir, ya ɗaure wayoyi, ya canza fis, yana ta zagin wanda ya sayar masa da cajar. Sai da ya gama sannan ya ɗora ma'aunin ƙarfin batir.

Batir a cike yake maƙil. Ya duba fis ɗin da ya cire, lafiyarsa ƙalau.

To me ƙararrawar take wa kuka?

Sai yanzu ya tuna ainihin aikinta: gargaɗi, idan hayaƙin hitar gas mai guba marar wari ya taru a ɗaki.

"Nélida!" Ya bubbuga taga. "Tsohuwa!"

Tana kwance yadda ta saba, hannu a ƙarƙashin kunci. Hita na ta ci.